Tafiyar da Muka Kai Kwabo Jos

Har yau ban sani ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya: shin mahaifinku ya san ciwon yana jikinsa ranar da ya ce in shirya mu tafi Jos? Shekara arba'in da ɗaya muna tare a gidan nan na Bolori, bai taɓa ce mini zo mu je ko Konduga ba. Yana aikin allurar shanu, ya shiga daji wata guda, ya dawo baƙi ƙirin, ni ina gida da ku. Sai da ya tsufa, ya ajiye aiki, ido ya fara yi masa hazo, sannan ya ce in ɗauko mayafi mu yi tafiya saboda kare. Babban yayanku yana cewa tafiyar ce ta karya shi, da na hana shi da bai je ba. Ban ce ƙarya yake yi ba. Amma ku ba kwa cikin motar, ni ina ciki. Ban iya rubutu ba, jikata Yagana ce ke riƙe da biro, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana. In ta ga na yi shiru ta jira ni, kuka ne, yana zuwa yana wucewa.

Ku manya kun san Mama Ngozi, jikokina ne ba su san ta ba. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya, shekara ashirin da wani abu. Ita da mijinta Ibo ne, Kirista, suna da shagon kayan gyaran mota a kasuwa. Da Sallah in aika mata nama, da Kirsimeti ta aiko shinkafa, ta ce a gaya mini Malam ne ya yanka kazar, in ci hankalina kwance. Da 'ya'yanta suka watse sai ta samo wani ɗan guntun kare, jajaja, mai gashi buzu-buzu, bai kai ɗan akuya ba. Ta sa masa Kobo saboda ƙanƙantarsa, mu muke cewa Kwabo. A shekarun da gari ya rikice mijinta ya kwanta ciwo ya rasu, 'yarta da ke aure a Jos ta ce lallai ta taho. Direban motar haya ya ce ba zai ɗauki kare cikin mutane ba. Da sassafe Mama Ngozi ta shigo mana da shi a hammata, idonta ya kumbura.

"Malam, kai ne likitan dabba. Ka riƙe mini shi wata biyu, in na zauna zan aiko."

"Amana ce?" in ji mahaifinku.

"Amana ne, Malam."

"To, na karɓa."

Ni ba wanda ya tambaye ni. Tana fita na zayyana masa dokokina. Ba zai taka tsakar gidana ba. Ba zai kusanci randa ba, ba zai shinshina dardumata ba, kwanonsa daban, kuma ko sunansa ba zan kira ba. Malam ya ce ya ji. Ya kafa masa 'yar rumfa a bayan gida ƙarƙashin darbejiya, shi ke ba shi abinci, shi ke cire masa kaska, shi ke yi masa wanka da tsohon bokiti. Ni dai in tuwo ya rage sai in ce, "Ga na abin nan," in ajiye a bakin ƙofar baya. Wata biyu suka zama shekara biyu. Ban taɓa shi ko da yatsa ba, shi kuwa wawan, duk sanda ya hango ni sai ya kama kaɗa bindi kamar na taɓa yi masa alheri.

A cikin bazarar shekara ta uku 'yar Mama Ngozi ta bugo waya. Ta ce ɓarin jikin uwarta ya shanye, magana ba ta fita sosai, amma kullum sai ta nuna ƙasa kusa da gadonta ta ce Kobo. Malam ya je tasha ya nemi wanda zai kai shi. Wani direba ya ce a sa shi a buhu a jefa a but tare da kaji. Malam ya dawo, ya buɗe gaban tsohuwar Fijonsa ya fara duba ruwa da mai. Babban yayanku ya ji labari, ya taso daga Wulari ko takalmi bai cire daidai ba.

"Baba, mutum mai shekarunka ya tuƙa mota har Jos saboda kare? Me za a ce da mu a gari?"

"Za a ce ubanku ya karɓi amana ya mayar."

"To bari in nemo direba."

"Ba direba aka ba wa ba."

Da ya tafi, Malam ya zauna kusa da ni ina tsince shinkafa. In muna mu biyu Afuno yake ce mini, sunan da Barebari ke kiran Bahaushe, ni kuma in ce masa Babarbare in ya ishe ni.

"Afuno, kin taɓa ganin dutse?"

"A nan Yerwa aka haife ni. Dutsen da na sani shi ne na niƙa."

"To zo in nuna miki wanda ya fi gidan nan tsawo sau ɗari. Kuma ina son mai yi mini magana a hanya, kada in yi gyangyaɗi."

Wannan ta biyun ce ta sa na tashi. Na ga yadda yake matse ido in yana karanta waya. Na ce a raina in ban bi shi ba zai tafi shi kaɗai, gara in zauna kusa da shi in riƙa ce masa ga rami.

Kwana biyu yana shiri kamar mai tafiya Makka. Ya samo babban kwandon kaba mai murfi, ya shimfiɗa tsohon buhu a ciki, ya ɗaure shi a kujerar baya da bel, ya girgiza ya ga bai motsa ba. Na ce me ya hana but. Ya ce but tanderu ne, kuma hayaƙin mota can yake taruwa. Ya cika jarka biyu da ruwa, ya ɗauki katin allurar karen, tabarma biyu, gidan sauro, tamfol, risho, da igiya doguwa da gajera. Yana yi yana karanta mini karatu kamar ni ce sabuwar ma'aikaciyarsa. Ba a cika masa ciki kafin a tashi, zai yi amai. Ba a buɗe ƙofa sai igiya tana wuyansa. Ba a barin sa ya leƙa da kai ta taga. Kafin a sauke shi a kwalta a dafa da bayan hannu, in ta ƙona ki za ta ƙona shi. Ya ce, kuma in rana ta yi, haushinsa ba abin damuwa ba ne, shirunsa ne abin tsoro. Na ce na ji, alhali rabin hankalina yana kan dambun naman da nake ƙulla mana.

Ranar Juma'a muka fita, muka bi layin motoci har sojoji suka buɗe hanya. A shinge na farko wani soja ya leƙo, ya ga murfin kwando yana motsi, ya ce mene ne. Malam ya miƙa masa katin allura. Ya karanta, ya dubi Kwabo, ya dube ni, ya fashe da dariya ya ce wannan fasinjan ya fi kowa cikakkun takardu. Na ja mayafi na rufe fuska. Duk bayan tafiya kaɗan Malam sai ya tsaya a inuwa, ya sa masa igiya, ya zaga da shi, ya zuba masa ruwa a murfin kwano. Ni ina gaba ina ce masa ga rami, ga akuya, ga mai keke. Ya ba ni labarin kowane gari, inda motarsu ta taɓa kafewa, inda wani bijimi ya bi shi ya hau bishiya. Shekara arba'in ban san ya iya ba da labari haka ba.

Mun isa Potiskum ana kiran sallar Juma'a. Ya faka a gindin wata bishiya kusa da rumfar wata mai abinci, ya sassauke gilas duka huɗu, ya ba Kwabo ruwa.

"Ki bar su a buɗe yadda na bar su. In inuwa ta gusa ki kira wani ya tura motar. Ba zan daɗe ba."

Ya tsallaka titi ya bi jama'a. Na shiga rumfar na nemi ruwan alwala. Mata uku ne a ciki, sun karɓe ni da mutunci, Hajiya sannu da hanya, Hajiya ga tabarma. Sai abin nan ya ga Malam ya ɓace, ya kama haushi, ƙaramar murya amma mai huda kunne. Mai abincin ta miƙa wuya.

"Hajiya, kamar kare nake ji a motarku?"

"Ba namu ba ne, saƙo ne."

"Ikon Allah. Da girmanki kuwa, mota ɗaya? Ina kika sa kayan sallarki?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, amma sauran biyun sun haɗa ido. Yagana, rubuta wannan yadda na faɗe shi, domin ku duk kuna ta ba da labarin cewa Inna ce ta ceci karen Mama Ngozi. Kafin in cece shi ni na kusa kashe shi. Kunya ta kama ni, na tashi na je motar, na murɗa gilas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya har sama, na jawo tamfol na lulluɓe kwandon don kada a ji shi, na rufe ƙofa. Na ce ai ɗan lokaci ne. Na dawo na yi sallata, na ci shinkafa da wake, muka shiga hirar tsadar barkono. Liman ya ja huɗuba. Inuwa ta bar motar ban ko waiga ba.

Can sai mai abincin ta ce, "Saƙon naku ya gaji, ya yi shiru."

Cokalin ya faɗi daga hannuna. Ban san sanda na miƙe ba. Ni da gwiwa ke hana ni tsallake kwata, na sheƙa a guje, takalmi ɗaya ya tsaya a rumfar. Ƙarfen ƙofar ya ƙona mini hannu. Da na buɗe, zafin da ya bugi fuskata kamar na buɗe murfin tukunya. Na yaye tamfol. Yana kwance a gefe ɗaya, harshe ya zazzago ya yi ja wur, yawu ya jiƙa buhun, cikinsa yana bugawa da sauri da sauri, idonsa a buɗe amma ba ni yake gani ba. Ban tuna da najasa ba, ban tuna da matan ba. Na sunkuce shi na rungume a ƙirjina, na sake rugawa rumfar, na tsoma mayafina a bokitin wanke-wankenta na shafa masa. A ranar na fara kiran sunansa.

"Kwabo! Kwabo, kada ka yi mini haka! Kwabo, uwarka tana jiran ka!"

An sallame Juma'a, titi ya cika da maza, ni ga ni durƙushe ba mayafi da kare a cinya. Mai abincin, Allah Ya saka mata, ta rugo da ƙanƙara daga cikin kular lemo. Sai na ji muryar Malam a kaina, a natse kamar kullum.

"Ba ƙanƙara ba, 'yar uwa, ruwan randa. Hajja, kada ki lulluɓe shi, jiƙa hammatarsa da cikinsa da tafin ƙafa. Ke kuma ba ni mafici."

Ya tsuguna da babbar rigarsa ta Juma'a a cikin ruwan wanke-wanke yana yi masa fifita. Ya ce kada in ɗura masa ruwa, in jiƙa yatsa in shafa masa a baki. Na sa yatsana a bakin kare, ni. Mun daɗe a haka. A hankali bugun cikin ya lafa, ya lashi yatsan, ya ɗaga kai ya yi atishawa, sannan bindin nan ya motsa sau ɗaya. Matan suka ce alhamdu lillahi da ƙarfi, har da wadda ta fara haɗa ido. Malam ya dube ni ya ce me ya faru. Na ce zafi ne. Ya ce haka ne, zafin bana ba dama. Bai ƙara tambaya ba.

Ya ce ba za mu motsa ba sai rana ta yi sanyi, don haka sai bayan la'asar muka tashi. Na wanke hannuna da jikina, na sake zane, amma da muka shiga mota baya na zauna kusa da kwandon. Ya ce wa zai riƙa gaya masa ga rami. Na ce daga nan ma ina gani. Da yake ba ya tuƙi in duhu ya yi, kuma ya ce ba masaukin da zai karɓe mu da kare, shi kuma ba zai bar shi a mota ba, kafin Darazo sai ya sauka daga titi ya nufi wata ruga da ya sani tun yana aiki. Wani tsohon Bafulatani ya fito yana dogara sanda, ya ƙare masa kallo, ya gane shi.

"Kai, bawana Babarbare! Shanun ƙasar sun ƙare ne ka koma kiwon ɓera?"

"Rufe mini baki, Ardo. Wannan ɓeran ya fi ka takardu. Ina nonon ubangidanka?"

Suka rungume juna suna zagin kakannin juna, aka kawo mana ƙwarya cike da kindirmo. Ardo ya nuna mana fili a gefen ruga, nesa da karnukansu. Na zauna ina kallon mahaifinku yana abin da ya yi shekara talatin ban taɓa gani ba. Ya share ƙasa da reshe saboda kunama, ya ɗaga kowane dutse ya duba, ya ja tamfol daga saman mota zuwa wata ƙaya, ya rataya gidan sauro. Ya ɗaure doguwar igiyar Kwabo a tayar mota, ya auna ta yadda zai kai inuwa da ruwa amma ba zai kai risho ba. Ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya ya cire ƙarangiya. Sannan ya dafa shayi, ya zuba mini da hannunsa. Rana tana faɗuwa, shanu suna dawowa, ƙurarsu ta yi ja.

"Ashe nan kake gudowa ka bar ni da 'ya'ya bakwai," na ce.

"Nan ne. Kullum in na zauna haka sai in ce, da Afuno tana nan da ta ce shayin ya yi ruwa."

"Ai kuwa ya yi ruwa."

Ya yi dariya har ya dafe ƙirji, ya ɗan jima a dafe. Na ce lafiya. Ya ce kindirmo ne. Na yarda, domin ina son in yarda. Da asuba na farka na tarar Kwabo ya ja igiyarsa iya tsawonta ya kwanta, hancinsa saura taki ɗaya ya taɓa gefen tabarmata. Ban kore shi ba. Na dai ɗauke dardumata na koma gaban mota na yi salla.

Bayan Bauchi na ga duwatsun. Bai yi ƙarya ba. Wasu an ɗora su kan wasu kamar da hannu, na riƙa cewa ya yi sauri kada su gangaro. Da azahar muka sami gidan. Mama Ngozi tana kan kujera a baranda, ta rame, bakinta ya karkace, an rufa mata bargo. Malam ya sa igiya kafin ya buɗe ƙofa, amma Kwabo ya fizge, ya haye cinyarta yana wani irin kuka kamar jariri. Ta sa hannunta mai lafiya ta riƙe shi. Ta daɗe tana kokawa da harshenta kafin magana ta fito.

"Malam. Ka kawo."

"Na kawo. Duba shi da kyau, ko kunne ɗaya bai ragu ba."

Ta dube ni, ta ga gashinsa ja a jikin zanena, ta yi dariya da rabin fuska. Ta kama hannuna ta ɗora a bayansa, muka zauna haka mu uku. Da za mu tafi washegari, ɗan banzan ko rakiya bai yi mana ba, yana kan cinyarta ya ɗaga kai ya mayar. Ni ce na yi ta sharar hawaye har Bauchi, kwandon yana baya ba kowa. Malam ya ce in an koma zai samo mini wani. Na ce ya kuskura.

Mako uku da dawowarmu ya faɗi a wurin alwala. A asibiti suka ce zuciya ce, kuma ta daɗe tana ciwo. Kun zo duka, kun ga sauran. Abin da ba ku gani ba shi ne safiyar ranar ƙarshe, bayan an dawo da shi gida, kuna zaure kuna karɓar masu dubiya. Hantsi ne, ina yi masa fifita, abin Potiskum yana ta damuna. Na ga in ban faɗa yanzu ba zan riƙe shi har kabarina. Na ce Malam, ka yafe mini, ba zafi kaɗai ba ne. Ni na rufe gilas, ni na lulluɓe shi da tamfol, don kunyar matan da ko sunansu ban sani ba. Ka ɗauko amana tun daga Yerwa, ni na kusa zubar maka da ita a hanya.

Ya buɗe ido. Ya ce ai ya sani, da ya je rufe motar ya ga gilas huɗu a sama. Na ce to me ya hana ka yi mini faɗa. Ya ce yana tsallaken titi da takalmansa a hannu lokacin da na fito daga rumfar. Ya nemi hannuna ya riƙe, bakinsa yana son yin dariya, ƙarfi bai kai ba. Daga wannan bai ƙara magana da ni ba, sai da Ubangijinsa, ana kiran la'asar ya cika. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Abin da ya ce mini shi ne:

"Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa ganin kin yi gudu ba sai ranar, ga takalmi ɗaya. Faɗan me zan yi? Bar ni da wannan, Afuno."